Kujerar da Tan-Biyu Bai Taɓa Zama Ba

A bakin kasuwar kayan gini, inda masu akori-kura ke jera motoci suna jiran lodi, ba wanda ke kiran mutumin nan da sunansa na gaskiya. Tan-Biyu kowa ke ce masa, har 'ya'yan da ya haifa in sun so tsokana. Dalilin sunan ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ya ƙera motarsa ya ce tan ɗaya za ta ɗauka, shi kuwa ya ce kamfani ƙera ta kawai ya yi, bai zauna da ita ba. Shekara ashirin da shida yana jibga mata siminti da bulo da rodi har sai bayanta ya durƙusa, hancinta ya ɗaga sama, sannan ya shiga ya ja ta sannu a hankali ya kai kayan mutane inda aka ce. Bai taɓa zubar da kaya a hanya ba, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka haka.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemu ya yi furfura, kullum da tsohon tawul a wuya. Ba shi da yawan magana, amma taurin kai, kai, sai dai a yi shiru! Fentin mota bai dame shi ba. Madubin gefe da waya aka ɗaure shi, rediyo kuwa ya mutu tun yaransa na makaranta. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: taya. Ba ya sayen kowace iri sai ta lodi, mai kaurin gefe, mai manyan haƙora, wadda ko ka hau ta da ƙafa biyu ba za ta san ka hau ba. Kowace safiya kafin ya tayar da inji sai ya ɗauki sifana ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kowace taya, ya karkata kunne. In ta ce masa "ƙau", ya wuce. In ta ce "dum", to ranar ba zaman lafiya sai an ɗura mata iska. Geji kuwa, wannan ɗan ƙarfen da ake auna iska da shi, bai yarda da shi ba ko kaɗan. "Mutum ne ya ƙera geji," in ji shi, "kunnena kuwa da shi aka haife ni." Da wannan motar da wannan kunnen ya riƙe 'ya'ya huɗu har kowa ya kama gabansa, suka watse garuruwa, gida ya rage daga shi sai matarsa.

Matar ɗinki take yi, kuma tun kafin aure Tela yake kiranta, bai canza ba. Ita kuma Baban Auta take ce masa in ana zaman lafiya, in ya ɓata mata rai ya koma "kai malam". Gidansu ɗaki biyu ne da 'yar baranda, a nan keken ɗinkinta yake, ƙasa duk ƙyallaye da zare. Duk maganar da Allah bai ba shi ba, ita ya ba. Mace ce mai baki, mai tsokana, mai saurin ƙafa. In ta gama ɗinki ba ta jiran mai kaya ya zo, sai ta naɗe ta saɓa ta kai da kanta, kuma in kuna tafiya tare sai ka haɗa da ɗan gudu. Motar mijinta ba ta cika shiga ba. Ta ce ƙafarta ta fi motar sauri, kuma ba ta shan mai.

Wata safiya ta fito da bokitin wanki, santsi ya kwashe ta a kan matakala biyu kacal. Matakala biyu, jama'a! Sai da aka yi mata aiki a ƙashin baya. Likita ya ce aiki ya yi kyau, saura gashi, wato tausa da motsa jiki a asibiti: sau uku a mako, wata huɗu, ba fashi. Ya kalli Tan-Biyu ido cikin ido ya ce in aka yi wasa da gashin nan ƙafar hagu za ta sandare, kuma in ta sandare, kujera mai taya ce makomarta. Tan-Biyu ya gyaɗa kai. Amma tsoro ya shige shi, irin wanda bai taɓa ji ba a kan kowace hanya.

Sau ɗaya aka gwada ƙaramar mota. Kujerar ta yi ƙasa, shigar da ita wahala, fito da ita kuwa har sai da ta yi ƙara. Ma'aikatan asibiti suka ce kujera mai tudu ta fi mata. Shi ke nan, abin ya faɗo kan akori-kura, kuma a ransa Tan-Biyu ya ji daɗi, don ya samu abin da zai iya yi mata da hannunsa. Ya sanar a kasuwa cewa Litinin da Laraba da Juma'a da safe kada kowa ya neme shi. Ya ƙera mata ɗan benci na katako da za ta taka ta hau. Ya wanke kujerar gefe da sabulu, ya sa filo. Kuma a ranakun da zai ɗauke ta, bayan ya gama ƙwanƙwasa tayoyinsa, sai ya biya ya ƙara musu iska a kan wadda suke da ita, wai kada taya ta ba shi kunya a hanya yana ɗauke da mara lafiya. Bawan Allah, a ganinsa gata yake yi mata.

Yana tuƙi a hankali kamar mai rakiya. Ita kuwa daga ƙofar gida har asibiti ba ta cewa uffan. Hannunta na sama, riƙe da mariƙin da ke kan ƙofa, ido a kan hanya. Ya ɗauka fargabar gashi ce, ya ƙyale ta.

A mako na uku uzuri ya fara. Yau ciwon kai, jibi ba ta yi barci ba, amma dai yakan lallaɓa ta su tafi. Ranar wata Litinin ya ajiye benci, ya buɗe ƙofar mota, ya shiga ɗaki ya tarar ko mayafi ba ta ɗauka ba.

"Tela, rana na yi."

"Ba ni zuwa."

"Yau kuma mene ne?"

"Ba yau ba, Baban Auta. Na gama. Matar nan mai gashi hannunta kamar na maƙeri. Na ji sauƙi, a bar ni haka."

"Kin ji sauƙi? To tashi ki taka zuwa baranda in gani."

Ta juya fuska bango. "Kai malam, ka tafi aikinka."

Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya kira Auta a waya ta yi mata magana, duk a banza. Laraba ta wuce, Juma'a ta wuce. Yana kallo in ta dafa ƙarfen da take dogarawa za ta banɗaki, ƙafar hagu ta fara jan ƙasa, abin da ba ta yi makon jiya. Ranar Litinin ta biyu ya tayar da mota shi kaɗai, rai a ɓace, ya nufi asibiti don ya ji dalilin da za a riƙa murɗe masa mata har ta gudu.

Mai gashin wata dattijuwa ce siririya mai tabarau. Ta bar shi ya zazzage duk abin da ya zo da shi, sannan ta cire tabarau ta ce, "Baba, da me kake kawo ta?"

"Da motata."

"Wace iri?"

"Akori-kura. Lafiyarta ƙalau."

"To ni dai abin da hannuna ke gaya mini zan faɗa. Kullum ta iso, bayanta a ƙulle yake tamau. Sai na yi rabin lokacinmu ina kwance abin da hanya ta ƙulla kafin in fara aikina. In na gama kuma ka mayar da ita ta inda kuka zo."

Ran maza ya ɓaci. "Ni? 'Yar nan, ni in na ɗauko ƙwai ko ɗaya ba ya fashewa!"

"Ban ce ba ka iya tuƙi ba, Baba. Amma ka dawo mini da ita makon nan. In aka ƙara mako biyu a haka, ba na yi maka alkawarin komai."

Ya fito yana huci. A bakin mota ya tsaya ya dubi tayoyinsa, ya ga na baya sun fara suɗewa. Sai ya ce a ransa, to ko dai wannan ne? Bari a sa sabbi fil, irin na kullum, a ga wanda zai ƙara magana.

Shagon Mai Taya na bayan tashar mai, rumfa ce ta kwano da tayoyi jere har rufi, ga warin roba, ga injin iska na tari a gefe. Mai Taya sa'ansa ne, ƙato mai tumbi, tare suka tsufa a sana'a, kuma ba a taɓa ganin sun rabu ba tare da sun yi musu ba.

"A'a, Tan-Biyu da rana tsaka! Yau wa ka danne?"

"Huɗu nake so. Irin nawa."

"Huɗu gaba ɗaya? Na gaba ai da sauransu. Wa ya mutu ya bar maka gado?"

Da ƙyar, yana kallon gefe, Tan-Biyu ya ba shi labari: gashin, ƙin zuwan, da abin da matar asibiti ta ce. Mai Taya ya daina dariya. Ya jawo geji daga aljihu, ya tsuguna da nishi, ya danna a bakin tayar baya. Ya duba, ya girgiza gejin, ya sake dannawa.

"Innalillahi! Kai, wannan taya ce ko dutsen niƙa? Wa ya ɗura mata wannan iskar?"

"Ni. Ranar asibiti nakan ƙara."

"Kakan ƙara! Mota ba kaya, tayar lodi, ka kuma ƙara! Zo nan." Ya buɗe ƙofar direba ya goge wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen, wadda datti ya rufe. "Ka taɓa karanta wannan? Ga girman tayar da aka ce ka sa, ga iskar da aka ce ka ba ta. Kai ka kusa ninka ta."

"Takarda ba ta ɗaukar siminti."

"Matarka siminti ce? Ba ni makulli."

Nan fa aka yi cirko-cirko. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa zama a bayan sitiyarin nan sai shi, ko makanike sai dai ya gyara Tan-Biyu ya gwada. Mai Taya ya miƙa hannu bai janye ba. "Ba zan sayar maka da taya ba sai ka zauna inda take zama. In ka ƙi, ga hanya nan, je ka saya wani wuri."

Ya ba shi. Ya zagaya ta gaba kamar wanda za a kai kotu, ya hau kujerar gefe, ya zauna a kan filon Tela. Wurin ya yi masa baƙo. Hannunsa ya rasa abin kamawa, ƙafarsa na laluben birki a inda babu.

"Wace hanya kuke bi?"

Ya gaya masa. Mai Taya ya ja motar a hankali, daidai yadda mai ita yake ja, ko ma ƙasa da haka. Ba su yi nisa ba suka hau wani ɗan faci a kwalta, abin da Tan-Biyu ke takawa kullum bai ma san yana nan ba. Kujerar ta doke shi daga ƙasa, bugun ya bi ƙashin bayansa har ƙeya.

"Kai, ka duba hanya mana!"

"Ina dubawa. Kai ne ba ka riƙe da sitiyari."

Gaskiya ce mai sauƙi, amma sai ranar ta shige shi. Direba na ganin rami kafin ya iso, jikinsa ya shirya, hannu a sitiyari, ƙafa a dafe. Na gefe kuwa sai dai ya ji a jikinsa. Ga bayan mota fayau ba nauyi, ga tayoyi sun yi tauri ba sa shanye komai, kowace tsakuwa sai sun miƙo ta sama. Haƙoran tayar na gurnani a kwalta, ƙarar na shigowa ta ƙasan kujera. A tudun rage gudu na gaban makaranta bayan motar ya yi tsalle ya dire, haƙoransa suka haɗu ƙas. Kafin ya sani hannunsa ya kai sama ya cafke mariƙin kan ƙofa.

Mariƙin ya yi lako-lako a hannunsa. Ya ɗaga kai ya duba. Ƙusa ɗaya ta fita daga mazauninta, robar wurin ta tsage. Shi ya san motarsa ƙusa-ƙusa, kuma ya san wata guda da ya wuce mariƙin nan daram yake. Mace mai ɗinkin likita a bayanta, mai hannun riƙe allura, ita ta ja shi har ya saki. Kuma ba ta ce masa ko "wash" ba.

"Tsaya," ya ce.

"Ba mu kai rabi ba."

"Na ce ka tsaya."

Mai Taya ya gangara gefe. Tan-Biyu ya sauka, ya je bayan mota ya dafa ƙarfen akori, ya juya wa titi baya. Kunya ta kama shi, da tausayi, da haushin kansa. Sau tara ya kai ta, sau tara ya dawo da ita, yana ta jin kansa a matsayin miji na gari, ashe dukanta yake yi da mota. Hawaye suka zubo masa, ya sa tawul ya share, suka sake zubowa. Mai Taya, duk surutunsa, ya zauna a mota yana kallon gaba har abokinsa ya gama.

Da suka koma shago, Mai Taya ya mirgino taya biyu ya jingina su a gabansa. Ɗaya irin tasa ce. Ɗayar kuwa zanenta ƙanana ne, a matse, ba haƙora.

"Sa babban yatsa ka danna gefen wannan."

Ya danna ta lodin, ko gezau. Ya danna ɗayar, ta ɗan lotsa ta dawo.

"Ka ji? Wannan lotsawar ita ke shanye ramin kafin ya iso bayan mutum. Ta kwalta ce, ta zirga-zirgar yau da kullum. Ba ta gurnani, tana kama hanya in an yi ruwa, girmanta daidai da abin da ke jikin ƙofarka. Ga lambar ƙira nan, ta bana ce, ba wadda ta kwana a sito ba."

"In na rage wa nawa iska fa?"

"Za a samu sauƙi kaɗan. Amma mai kaurin gefe mai kaurin gefe ce, don kaya aka yi ta. Ga mai lafiya ya isa. Ga wadda aka tsaga wa baya, ni dai ba zan ce maka ya isa ba."

Tan-Biyu ya shafa sabuwar tayar. Ya san akwai sauran magana, kuma ya san ko wace ce. "Nawa take ɗauka?"

"Abin da kamfani ya ce motarka ta ɗauka, shi ma da lissafi. Ka ɗora mata irin haukan da ka saba, gefenta ya kumbura ta fashe da kai a hanya. Siminti da rodi irin naka, ka manta da su. In ba za ka iya ba, gaya mini yanzu, kada in sayar maka da ajalinka."

"In riƙa canzawa. Ranar asibiti waɗannan, ranar lodi waɗancan."

Mai Taya ya tuntsire da dariya. "Taya huɗu, sau shida a mako, da wannan bayan naka? Sai a tanadar maka gado kusa da nata a wurin gashi!"

Tan-Biyu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ba ƙaramin abu ake tambayarsa ba. Masu gini shi suke nema saboda yana yi musu sawu ɗaya inda wani zai yi biyu. In ya bar wannan, ya zama direba kamar kowa, tsoho ma a cikin samari. Ya hango bakin kasuwa, ya ji irin shaƙiyancin da za a yi masa. Sannan ya hango ƙafar hagun nan tana jan ƙasa a kan simintin baranda.

"Sa su," ya ce. "Duka huɗun."

Da aka gama ɗaurawa aka sauke jak, hannunsa da kansa ya je ya ɗauko sifana. Ya ƙwanƙwasa ta gaba. Ta ce "dum". Fuskarsa ta yamutse kamar an ba shi magani mai ɗaci, har ya fara waigen injin iska. Mai Taya ya fizge sifanar ya jefa cikin akori, ya danƙa masa geji a tafin hannu. "Daga yau kunnenka ya yi ritaya. Da safe za ka auna, kafin taya ta yi zafi. Ka kuma nemi buhun yashi biyu ka kwantar a baya saitin tayoyi, don ta daina tsalle. In na ji ka ƙara iska, wallahi har gida zan zo in kai ƙararka wurin Tela."

Da la'asar ya shigo gida. Tana kishingiɗe a baranda kusa da kekenta da aka lulluɓe da zane. Ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana murza tawul.

"Yau na zauna a kujerarki," ya ce. "Mai Taya ya tuƙa."

Ta dube shi, ta kawar da kai.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Tela?"

Ta dubi kekenta. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In ce me? Ina kallonka ta taga kana wanke kujera, kana gyara filo, kana zagaya tayoyin nan kamar mai duba jarirai. In buɗe baki in ce motar da ta rufa mana asiri shekara da shekaru ita ke kashe ni? Gara in ɗora wa matar asibiti, ita ba ta ji."

"Ta ji. Na je na yi mata tas."

"Wayyo, baiwar Allah!" Ta rufe baki, dariya da hawaye suka haɗu mata. Sai ta leƙa ta ƙofar gida ta hango motar, dariyar ta tsaya. Matar direba ce, ta san taya. "Baban Auta, waɗancan ba naka ba ne. Ina naka?"

"Suna shago."

"Simintin fa? Masu ginin fa? Kai malam, da wa ka yi shawara?"

"Ba na son ki zauna a kujera mai taya," ya ce. "Ba zan iya gani ba. Shi ke nan shawarar."

Ta jawo bakin zane ta goge ido. "Sau ɗaya," ta ce. "In na ji irin na da, ko da sarƙa ba ka fitar da ni."

Ranar Laraba ta taka benci ta hau. A facin kwalta na farko ta runtse ido ta riƙe numfashi. Motar ta hau ta sauka da ɗan lilo. Ta buɗe ido ɗaya. Ba wai ciwon ya tafi ba, hanya hanya ce, baya kuma da ɗinki. Amma abin da ke zuwa yanzu turi ne, ba duka ba.

"Da sauƙi?"

"Tuƙa dai, ka cika tambaya."

Bayan sun wuce makaranta ya sake satar kallonta, ya ga ta zuba wa wata mata ido a bakin titi. "Dubi hannun rigar can don Allah," ta ce. "Ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wane mugun ne ya ɗinka mata wannan?" Daga nan har ƙofar asibiti ba ta rufe baki ba, shi kuwa daɗi ya cika shi har ya kusa wuce kwanar.

A kasuwa an yi masa abin da ya zata, har da ƙari. Aka sauya masa suna zuwa Rabin-Tan. Ya koma ɗaukar katifu da kujerun roba da kiret ɗin ƙwai, kayan da a da yake cewa na masu kasala ne. Ranar da aka ga ya ɗaure katifa goma sha biyu sun yi tsiri sama, samari suka yi ta tafi suna cewa a kawo sikeli. Abin na yi masa ciwo, ba ƙarya, musamman in ya ga wani yaro ya ja lodin bulo da a da nasa ne. Yakan goge wuya da tawul ya ce su yi ta yi.

Wata Juma'a a mako na tara, sun iso asibiti ya sauko da ita, ya miƙa mata sandarta, don ta bar ƙarfen tafiya ta koma sanda ɗaya. Wayarsa ta yi ƙara. Wani ɗan kwangila ne, tsohon mai ba shi aiki, da ya yi tafiya bai san abin da ake ciki ba.

"Tan-Biyu, kana ina? Siminti buhu arba'in nake so a kai mini yanzun nan, kuma kai kaɗai ke yi mini sawu ɗaya."

"Ranka ya daɗe, a nemi wani. Motar ta daina ɗaukar siminti."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To me take ɗauka yanzu?"

Ya ɗaga kai zai amsa, sai ya ga Tela ba ta inda ya bar ta. Ba ta jira hannunsa ba. Ta yi gaba ita kaɗai a kan dogon simintin da ya nufi ƙofar gashi, sanda, ƙafar dama, ƙafar hagu, kuma ta hagun ɗaga ta take yi tana ajiyewa. Ya ƙirga taku bakwai.

"Mutum ɗaya take ɗauka," ya ce, ya kashe wayar.

Ta tsaya ta waigo, tana haki, gumi a goshi, ta harare shi.

"Kai malam, tsayawa za ka yi kana kallona, ko za ka zo ka buɗe mini ƙofa?"

Ya cusa wayar a aljihu ya bi ta, har da ɗan gudu.